Koyar da Turanci a makarantun ƙauye: baƙon malami ake nema ko wani abu daban?

Duk shekara idan jami'o'in Turai da Amurka da Ostireliya suka tafi dogon hutu, dubban matasa kan rataya jaka su nufi ƙauyukan Nefal da Kambodiya da Tanzaniya da Peru, wai za su je su koya wa yara Turanci. Hotunan da suke komawa gida da su kusan iri ɗaya ne: allo mai ɗauke da haruffa, yara sun yi cincirindo suna dariya, baƙon malami a tsakiya. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne ko yaran sun koyi Turancin. In kuwa ba su koya ba, me ya hana?

Masu tsokaci kan wannan lamari sun kasu biyu. Wasu na cewa ko banza ai ya fi babu, yaron da bai taɓa jin Turanci daga bakin mai harshen ba ya samu dama. Wasu kuma na cewa yawon buɗe ido ne kawai aka yi masa lulluɓi da sunan agaji. Dukansu idonsu na kan baƙon. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne malamin ƙauyen, wanda ke riƙe da ajin kafin baƙon ya zo, kuma shi za a bar wa ajin bayan ya tafi. A ganina can ne maganar take.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Akwai bambanci tsakanin koyar da Turanci da kuma koyarwa da Turanci, kuma rabin rigimar daga rashin rabe su take tasowa. Na farko shi ne a ware wa Turanci darasinsa a jadawali, kamar yadda ake ware wa lissafi, sauran darussa kuma a yi su da harshen da yaro yake ji. Na biyu shi ne a mayar da Turanci harshen koyarwa baki ɗaya, ta yadda lissafi da kimiyya da tarihi duk da shi za a yi su tun yaro bai iya haɗa jimla ɗaya ba. Iyaye da dama, har da ministocin ilimi, sun ɗauka na biyun shi ne gajeriyar hanya zuwa na farko. Bincike bai nuna haka ba, kamar yadda za mu gani.

Sai cakuɗa ta biyu: iya harshe da iya koyar da shi. Wanda aka haifa a Landan ya san jimla daidai da wadda ba daidai ba, amma da wuya ya iya bayyana dalili, kuma bai san wane sauti ne zai ba yaron Kambodiya wahala ba, don bai san harshen yaron ba. Ko shahararriyar takardar shaidar nan ta Cambridge da ake kira CELTA, wadda masu koyar da Turanci a ƙasashen waje ke alfahari da ita, kwas ne na sa'o'i 120, kuma sa'o'i shida ne kacal a ciki mutum zai tsaya gaban ɗalibai ana duba koyarwarsa. An kuma tsara ta ne don koyar da manya. Riƙe yara hamsin 'yan shekara bakwai wani fanni ne daban.

Idan kuma aka ce makaranta ba ta da hali, ba rashin kujeru kaɗai ake nufi ba. Sau da yawa malami ɗaya ne ke riƙe da aji biyu ko uku a ɗaki guda. Littafi ɗaya yara da yawa ke leƙawa, ko kuma malami kaɗai ke da shi. Babu wutar lantarki, ko tana zuwa tana ɗaukewa. Lokacin shuka da girbi aji kan ragu. Sannan babban abu: daga ƙofar makaranta zuwa gida, yaron ba zai sake jin kalmar Turanci ko ɗaya ba sai gobe.

Me ya sa iyaye ke ƙwallafa rai a kansa

Kada a yi wa iyayen kallon waɗanda aka ruɗa. Lissafinsu yana da tushe. A makarantun gwamnatin Tanzaniya, da Suwahili ake karatun firamare, amma da yaro ya shiga sakandare sai komai ya koma Turanci, har jarrabawar fita. Wanda bai iya ba ya tsaya ke nan, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa. A Siem Reap ta Kambodiya, inda masu yawon buɗe ido ke tururuwa don ganin tsoffin wuraren ibada na Angkor, ko a hanyoyin hawan tsaunukan Himalaya a Nefal, ɗan Turanci kaɗan ne ke raba mai dakon kaya da mai yi wa baƙi jagora, kuma abin da suke samu ba ɗaya ba ne.

A Indiya ma an auna abin. Wani bincike da Mehtabul Azam da Aimee Chin da Nishith Prakash suka wallafa a 2013 ya gano cewa mazan da suka iya Turanci sosai suna samun kusan kashi 34 cikin ɗari fiye da takwarorinsu a ladan aikin sa'a guda, masu ɗan taɓawa kuma kusan kashi 13. Talaka bai karanta wannan bincike ba, amma ya ga 'ya'yan wa ake ɗauka aiki a banki. Shi ya sa ƙananan makarantun kuɗi masu allon talla da ke cewa komai da Turanci ake yi suka cika ƙauyukan Indiya da Pakistan da Nefal. A Nefal har makarantun gwamnati da yawa sun koma Turanci don kada ɗalibai su gudu su bar su, alhali malaman nan dai su ne, ba a canza su ba, ba a kuma ƙara musu horo na a zo a gani ba.

Abin da ke faruwa a cikin aji

A ɗauki darasi irin wanda masu bincike suka sha gani a ƙasashe daban-daban. Malama ta shigo, ta kwafe jimloli biyar daga littafi zuwa allo. Ta nuna ta farko da sanda, ta karanta, yara suka amsa baki ɗaya da ƙarfi. Ta maimaita sau uku. Ta karanta jimlar ta bar kalmar ƙarshe tana ɗaga murya, yara suka cike. Sauran lokacin ya tafi a kwafa cikin littafin rubutu. Wanda ya wuce ta bakin taga zai ce karatu ya kankama. Amma a ja yaro ɗaya gefe, a rufe allon, a nuna masa ɗaya daga cikin kalmomin a wata takarda, sai ya yi shiru. Ya haddace sautin layin ne, bai san inda wata kalma ta ƙare wata ta fara ba.

Ba lalaci ne ya sa malamar yin haka ba. Ita ma da irin wannan hanya aka koya mata, kuma Turancin nata bai kai ta saki littafi ta yi hira ba. Amsa baki ɗaya tana rufa wa kowa asiri: ba a ga gazawar malama ba, ba a ga ta yaro ba, sufeto in ya zo ya tarar an kai shafin da manhaja ta ce a kai.

Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fara wani ƙidaya tun 2005, mai suna ASER, inda ake bi gida-gida a karkara ana gwada yara ɗaya bayan ɗaya. A rahoton 2022, yaro ɗaya cikin huɗu ne kawai a aji biyar ya iya karanta jimlar Turanci mai sauƙi, kuma ba duka waɗanda suka karanta ne suka iya faɗin ma'anarta ba. Amma adadin da ya fi tayar da hankali ba na Turanci ba ne. A wannan shekarar, waɗanda suka iya karanta labarin 'yan aji biyu da harshen da ake koyar da su ba su kai rabin 'yan aji biyar ba. Wato matsalar ta riga Turanci zuwa. Yaron da bai gane cewa harafi yana wakiltar sauti ba a harshen da yake mafarki da shi, ta yaya zai gano haka a harshen da bai sani ba, wanda kuma rubutunsa da furucinsa suka sha bamban? Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta.

Wani gwaji da aka yi a yammacin Kenya ya ƙara fito da abin fili. Michael Kremer, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2019, da abokan aikinsa sun bi diddigin makarantun karkara da aka raba wa littattafan karatu, suna tsammanin sakamako zai tashi. Bai tashi ba, sai ga 'yan tsirarun da dama can su ne kan gaba. Littattafan da Turanci aka rubuta su, wanda shi ne harshe na uku ga yawancin yaran, bayan harshen gida da Suwahili. An kawo littafi, amma mafi yawan yaran ba su iya buɗe ƙofarsa ba.

Sai kuma batun zuwan malamin kansa. Wani bincike da aka wallafa a 2006, inda aka riƙa kai ziyarar ba-zata makarantu a ƙasashe shida, ya tarar kashi 25 cikin ɗari na malaman Indiya ba sa nan a lokacin aiki, na Yuganda kuma kashi 27. Makarantun da ke nesa da titi abin ya fi ƙamari.

Ƙasashen da suka yi gaggawa

Ruwanda ce misalin da aka fi kawowa. A 2008 gwamnati ta sanar da cewa Turanci zai maye gurbin Faransanci a makarantu, shekara guda kafin ƙasar ta shiga ƙungiyar Commonwealth. Yawancin malaman da Faransanci suka yi karatu, sai ga shi an wayi gari suna koyon Turanci da yamma suna koyarwa da shi da safe. A 2011 aka ja da baya aka ce a yi aji ɗaya zuwa uku da Kinyarwanda, harshen da kusan kowa a ƙasar yake ji. A ƙarshen 2019 kuma aka sake juyawa aka ce Turanci tun daga aji ɗaya. A 2022 har malamai fiye da 150 aka ɗauko daga Zimbabuwe don su taimaka wajen horar da malamai. Ɗan babban birni da iyayensa ke jin Turanci bai ji jiki ba. Ɗan ƙauye ne aka riƙa canza wa harshe yana tsakiyar karatu.

Maleshiya ta gwada nata a 2003, zamanin Firaminista Mahathir Mohamad, inda aka mayar da lissafi da kimiyya Turanci. A 2009 gwamnati ta sanar da janye tsarin daga 2012, kuma cikin dalilan da aka bayar akwai yadda ɗaliban karkara suka koma baya.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Jim Cummins, masanin da ya yi nazari kan 'ya'yan baƙin haure a Kanada, ya nuna cewa yaro kan iya hirar yau da kullum cikin kimanin shekara biyu, amma harshen da ake karatu da shi, na bayani da kwatanci da kafa hujja, yana ɗaukar shekara biyar zuwa bakwai. Waɗannan fa yara ne da Turanci ya kewaye su a titi da talabijin da filin wasa. Ina ga wanda ba ya jin sa sai minti arba'in a rana?

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne cewa fara karatu da harshen uwa yana taimakon Turancin kansa. Stephen Taylor da Marisa von Fintel sun duba bayanan dubban makarantun firamare a Afirka ta Kudu, suka wallafa a 2016 cewa yaran da suka yi aji ɗaya zuwa uku da harshensu sun fi ƙoƙari a Turanci a aji huɗu zuwa shida, in aka gwada su da waɗanda aka fara wa da Turanci kai tsaye. A Habasha, inda tsarin 1994 ya ba jihohi damar koyarwa da harsunansu har aji takwas, jihohin da suka riƙe harshen uwa tsawon lokaci sun fi samun sakamako a lissafi da kimiyya. Ita kanta cibiyar British Council, wadda yaɗa Turanci na cikin ayyukanta, ta fito a 2017 ta ce ba ta goyon bayan a mayar da shi harshen koyarwa a ƙananan azuzuwan firamare a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A koyar da shi a matsayin darasi. Idan mai sayar da kaya ya ce maka kada ka saya da yawa, ya kamata ka saurara.

Ita ma maganar nan ta cewa sai an fara tun yaro yana ƙarami ƙwarai tana buƙatar gyara. Gaskiya ce ga yaron da ke zaune cikin masu harshen. Amma a aji, inda sa'o'in ba su da yawa, binciken da Carmen Muñoz ta jagoranta a Basalona ya nuna waɗanda suka fara a 'yan shekara goma sha ɗaya sun fi waɗanda suka fara a shekara takwas saurin koyo bayan sa'o'i daidai wa daida.

Sai dai masu kare harshen uwa su ma suna da tambayar da ba su amsa da kyau ba. Filifin ta fara koyarwa da harsunan gida a ƙananan azuzuwa a 2012, amma a 2024 aka yi dokar da ta soke wajabcin hakan. Ƙasa ce mai harsuna fiye da ɗari. An samu azuzuwan da yara ke jin harsuna uku ko huɗu, an tura malamai inda ba sa jin harshen wurin, littattafai kuma ba su iso ba. Tsari mai kyau a takarda, in ba a kashe masa kuɗi ba, zai iya faɗuwa kamar mara kyau.

Baƙon malami: iri-iri ne

Bai dace a haɗa 'yan sa-kai duka a kwando ɗaya ba. Ƙungiyar VSO ta Birtaniya tun 1958 take, kuma da tafiya ta yi nisa ta daina tura 'yan makaranta, ta koma neman ƙwararru masu gogewa. Peace Corps ta Amurka, wadda Shugaba Kennedy ya kafa a 1961, rukuninta na farko malamai ne da suka sauka a Gana. Ɗan sa-kanta kan yi wata uku ana horar da shi, har da koyon harshen wurin, sannan ya zauna shekara biyu. Ƙasar Jojiya ta ƙaddamar da nata shirin a 2010, ta gayyato masu jin Turanci su zauna a gidajen mutane, su shiga aji tare da malaman ƙasar. Duk waɗannan suna da nasu rauni, amma aƙalla mutum yana daɗewa har ya san sunayen yara.

Wanda ake ta ce-ce-ku-ce a kansa shi ne na mako biyu ko uku, wanda matashi ke biyan kamfani kuɗi a haɗa shi da makaranta. A yi lissafi mai sauƙi. Darasin minti arba'in sau biyar a mako, cikin mako biyu bai kai sa'a bakwai ba. Ita kuwa Cambridge ta ƙiyasta cewa ana buƙatar sa'o'i 350 zuwa 400 na koyarwa kafin mutum ya kai matakin tsakiya, inda zai iya biyan buƙatunsa da harshen. Kuma da yake kowane sabon zuwa bai san inda na baya ya tsaya ba, sai ya fara daga abin da ya fi sauƙi: gaisuwa, launuka, ƙidaya, sunayen dabbobi, waƙar sassan jiki. Akwai yaran da suka yi launuka sau biyar a shekara guda, ba su taɓa kaiwa ga yadda ake faɗin abin da ya faru jiya ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani nan take. Malamin ƙauyen kan koma gefe ya zama tafinta ko mai tsawatar wa yara, su kuma su ɗauka Turancin gaske na baƙo ne, na malaminsu jabu ne. Manhajar da za a yi jarrabawa a kanta ta tsaya cak. Mafi yawan kuɗin da matashin ya kashe ya tafi ga jirgi da kamfani da masauki, alhali a ƙasashe da dama kuɗin tikitin kaɗai zai biya albashin malami na watanni. Sannan ga tambayar da ba a son yi: wace makaranta a Ingila ko Jamus za ta buɗe wa baƙo ƙofar aji ba takardar koyarwa, ba binciken halinsa, don kawai ya biya kuɗi?

Inda abin ya fi muni shi ne gidajen marayu. Wani nazari da UNICEF ta tallafa a Kambodiya a 2011 ya nuna irin waɗannan gidaje sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, a daidai lokacin da masu yawon buɗe ido ke ƙaruwa, kuma kusan uku cikin huɗu na yaran suna da uwa ko uba a raye. Alkawarin ilimi, musamman Turanci, na cikin abin da ake jan iyaye matalauta da shi su miƙa 'ya'yansu. A 2018 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'i na bautar zamani.

Duk da haka ban ga dalilin cewa baƙo ba shi da amfani sam ba. Yaron da bai taɓa amfani da Turanci don wata buƙata ta gaske ba, ranar da ya tambayi baƙo sunan ƙanwarsa aka gane shi aka ba shi amsa, wani abu yakan buɗe a ransa. Malamai da yawa ma abin da suka rasa shi ne abokin hira da za su gwada bakinsu ba tare da jin kunya ba. Baƙon da ya zauna da malami da yamma suka shirya darasin gobe tare, ya bar malamin ya ja ragamar aji shi kuma ya taimaka, ya bar wani abu a baya. Wanda ya karɓe alli daga hannun malamin, da ya hau jirgi shi ke nan.

Na'ura, rediyo, ko littafi

Da aka rasa malamai, sai ido ya koma kan na'ura. Peru ta sayi ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin bai wa kowane yaro tasa. Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna sakamakon a makarantun karkara 319, ya fitar da rahoto a 2012: yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma ba a ga ci gaba a lissafi ko harshe ba.

A gwada wannan da abin da aka yi a Fiji a farkon shekarun 1980, wanda ba a cika ambata ba duk da ya fi arha nesa ba kusa ba. Warwick Elley da Francis Mangubhai sun kai wa wasu azuzuwan karkara littattafan labarai masu hotuna kimanin 250 kowanne. Aka maye gurbin wani ɓangare na darasin maimaita jimloli da karatu: a wasu azuzuwan malami ya karanta tare da yara su tattauna labarin, a wasu yara su karanta da kansu shiru. Bayan wata takwas, ci gabansu a fahimtar karatu da sauraro ya ninka abin da aka saba gani. Malaman nan na ƙauye ne suka yi aikin, bayan ɗan gajeren horo. Sirrin shi ne littafin ya kasance daidai da ƙarfin yaro, kuma labari ne da yake son sanin ƙarshensa. Wannan ya bambanta da kwantenar tsofaffin littattafan da ake tarawa a Turai a aiko, masu maganar dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ke ƙarewa a kulle cikin kabad ɗin shugaban makaranta. A yau shafuka irin su StoryWeaver na Indiya da African Storybook na Afirka ta Kudu suna da dubban labarai kyauta, a Turanci da harsunan gida, waɗanda za a iya bugawa a takarda.

Inda na'ura ta yi amfani, ta hannun malami ta bi. A Bangaladesh, shirin da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 ya zuba darussan sauti da bidiyon horo a katin waya, aka haɗa wa malamai da 'yar lasifika mai caji. Malama ta kunna, yara su ji furuci mai kyau, ita ma tana koyo ba tare da kowa ya lura ba. A Yurugwai kuma tun 2012 ake yin wani tsari: sau ɗaya a mako malamin Turanci daga nesa, wani lokaci daga Ajantina ko Filifin, ya bayyana ta bidiyo, sauran darussa biyu na makon malamin ajin ne ke yi da shirin da suka tsara tare. Sai dai Yurugwai ƙasa ce ƙarama da ta kai intanet kusan kowace makaranta, don haka ba kowa zai iya kwaikwayonta ba.

Wanda ke ɗaukar asarar

Idan tsari ya kuskure, ba kowa yake ji daidai ba. Mai hali zai ɗauko malamin gida, ko ya tura ɗansa birni. Talaka da ya matse bakin aljihu ya biya kuɗin makarantar da ke da allon Turanci zai iya samun yaron da ya fita bai iya Turancin ba, bai kuma iya rubuta wasiƙa da harshensa ba, lissafin ma ya wuce shi don an yi shi da harshen da bai ji. An gudu ba a tsira ba. Yaran ƙananan ƙabilu su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin kafin Turanci akwai harshen ƙasa da su ma baƙo ne a gare su: ɗan ƙabilar da ke tsaunukan Laos ko Biyetnam ko ɗan ƙabilar Kecuwa a Peru harshe biyu yake fama da su lokaci guda. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa kashi 37 cikin ɗari na ɗalibai a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ana koyar da su da harshen da ba shi suka fi ji ba.

Akwai kuma wani kwazazzabo da shirye-shiryen horo ke yawan faɗawa. Da zarar malamin ƙauye ya goge a Turanci, darajarsa a kasuwa ta tashi: makarantar kuɗi a birni na nemansa, otal na nemansa, ita kanta ƙungiyar agajin da ta horar da shi tana iya ɗauke shi ya zama jami'inta. UNESCO ta ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara, kuma babban kaso na wannan adadi na cike gurbin waɗanda ke barin aikin ne. Shi ya sa wasu gwamnatoci ke ba da alawus na zaman karkara ko gidan malamai, wasu kuma ke ɗaukar 'yan asalin yankin su horar da su, tunda wanda iyalinsa da gonarsa ke wurin ya fi wanda aka turo daga birni zama. Gambiya, alal misali, ta fara biyan irin wannan alawus a tsakiyar shekarun 2000, inda malamin da ya yarda ya je makarantar da ke nesa da babban titi yake samun ƙarin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari a kan albashinsa, kuma adadin ƙwararrun malamai a waɗannan makarantu ya ƙaru bayan haka.